Dardumar Matar Likita

Ni Hajiya Asabe ta Makera, shekara ashirin da biyu ina sayar da kayan ɗakin amare, ba wanda ya taɓa cewa na ci masa ko allura. Amma na taɓa naɗe dardumar wata baiwar Allah da rana tsaka, na saɓa ta a kafaɗa na fita, mai ita tana yi mini murmushi. Har bakin ƙofa ta raka ni. Dardumar kuwa ita kaɗai ce abin da ya rage mata na mahaifiyarta.

A daminar casa'in da tara abin ya faru, shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓa. Hanyoyi sun fara buɗewa, matan layinmu sai tururuwa suke yi zuwa Dubai saro kaya. Duk wadda ta dawo labarinta ɗaya ne: manyan dillalan darduma a can mutanen Iran ne, kuma in ka yi musu Turanci farashin baƙo za su yanka maka, in ka jefa musu yarensu sai su sauko. Na ce to, ni ba zan je in tsaya ina nuni da yatsa kamar bebiya ba. Yaren da ɗan shekara uku yake ji a garinsu ba zai gagari Asabe ba.

Malama kuwa tana nan kusa. A Kakuri, bayan masaƙa, akwai ƙaramin asibitin Likita Yakubu, wanda ya yi karatu a Iran tun zamanin da, ya dawo da mata daga wani gari Shiraz. Sunanta Parwin, amma kowa Matar Likita yake ce mata. Farar mace ce siririya, mai magana a hankali kamar tana tsoron tada mai barci. Ta ji Hausa sosai, sai dai har yau in tana maganar mijinta takan ce "ta tafi asibiti". Da na kai mata buƙatata ta yi murna ƙwarai, ta ce shekara da shekaru ba wanda ya nemi jin harshenta sai mijinta. Muka tsayar da Talata da Asabar bayan la'asar. Ta ce in riƙa kiran ta Hanum, haka ake girmama mace a wajensu.

Farisanci bai ba ni wuya ba, in faɗi gaskiya ko da za a ce na cika baki. Ranar farko na haddace yek, do, se, cahar, panj, wato ɗaya zuwa biyar. Ta nuna mini kofi ta ce in tambayi kuɗinsa.

"In cand e?" na ce.

Ta faɗi wani farashi.

Na dafe ƙirji na ja da baya. "Gerun e! Haili gerun e!" Wato ya yi tsada, ya yi tsada da yawa.

Ta yi dariya har da share hawaye, ta ce kalmar ita ta koya mini, amma dafe ƙirjin daga gida na zo da shi. Na ce Hanum, ai wannan shi ne jarin.

Ta koya mini cewa su aikatau a ƙarshen magana yake zuwa: sai ka ce "ni darduma ina so", ba "ina son darduma" ba. Mikham ina so, in ka ɗora masa "ne" a gaba, nemikham, ba na so. Wannan ta biyun na fi riƙewa, don da ita ake juya baya a yi kamar za a tafi. Ba su raba mace da namiji a magana, kowa "u" ne, nan na gane dalilin da Likita ya zama mace a bakinta na daina yi mata dariya a zuci. Wasu kalmomin kuwa 'yan gida ne, Larabci ya raba mana gado: sabun sabulu, ketab littafi, geimat ƙima. Cikin wata ɗaya ina iya sayen nun da gusht da piyaz, burodi da nama da albasa, in nemi ragi, in yi godiya da "daste shoma dard nakone", wato kada hannunka ya yi ciwo. Har a shagona na fara yi wa masu ciniki, suna cewa Hajiya ta fara karatun aljanu.

A ƙasa muke karatu, a falonta, kan wata 'yar darduma ja mai duhu, tsawonta bai fi na mutum a kwance ba. Ni sana'ata ke nan, hannuna ya san kaya. Wata Asabar na juya gefenta na duba bayan, na ga ƙulli ƙanana a jere, ba aikin inji ba ne. Na yi ta shafawa ina santi. Na ce Hanum, tun da nake ban taɓa taɓa irin wannan ba.

Ta ce mahaifiyarta ce ta saƙa da hannunta, shekara biyu tana yi, ta ba ta ranar da za ta taho Najeriya. Tsohuwar ta rasu tuni. Sai ta sa hannu a ƙirji ta ɗan sunkuyar da kai, ta ce, "Pishkesh. Gabel nadare."

Na ce me ke nan?

"Na ba ki. Ba ta kai darajarki ba."

"Haba Hanum, wannan ai ya yi yawa."

"Hahesh mikonam," ta ce, "don Allah. Taki ce."

To ni 'yar Hausa ce. An ce na ba ki, na yi kawaici sau ɗaya, an sake cewa don Allah. Me ya rage? Tun muna yara aka hore mu ba a mayar da hannun kyauta baya, wanda ya yi haka ya ce wa mai bayarwa ba ka isa ba. Har ƙwalla na kawo. Na ce a raina, dubi matar nan, kayan uwarta ta ɗauka ta ba ni, wannan wace irin ƙauna ce. Na tashi, ita ma ta tashi, na naɗe darduma a gabanta ina zuba mata addu'a, na haɗa da "daste shoma dard nakone" don ta ga karatu ya zauna. Na ga fuskarta ta yi fari fiye da kullum, na ɗauka tunanin tsohuwar ne. Washegari na aika mata turmin atamfa da dambun nama, yaba kyauta tukwici.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma a lokacin ɗana Nasiru yana neman aure a Tudun Wada, 'yar Hajiya Uwani, matar da ko gaisuwa za ta amsa sai ta auna ka daga ɗankwali zuwa takalmi. An kai gaisuwa, an kusa sa rana, kuma ina jin ƙishin-ƙishin wai tana cewa 'yan Makera ne, 'yan sayar da kwanuka. Abin yana cin raina. Da darduma ta kwana biyu a ɗakina sai na ce yauwa, ga abin da zai rufe bakin Uwani. Na sa a leda na aika mata, da saƙon cewa saƙar hannu ce daga Farisa, ba a samun ta a kasuwa. Ta aiko da godiya mai tsawo. Na kwana ina jin kaina kamar na ci zaɓe.

Muka ci gaba da karatu a kan tabarmar roba. Hanum ba ta canja mini ba, shayi da dabino kamar kullum. Sai dai na lura ba ta zama sosai, takan tsuguna a gefe ko ta jawo kujera. Muka yi launuka, germez ja, sabz kore, sefid fari. Muka yi jiya da gobe.

Sati biyu bayan nan, tafiyata ta matso, ta ce yau za mu yi yadda ake biyan kuɗi. Ta zama mai kanti, na zaɓi kaya, muka yi ciniki na kayar da ita kamar yadda na saba. Na miƙa hannu kamar ina biya. Sai ta ture hannuna, ta sa nata a ƙirji.

"Gabel nadare."

Na yi dariya na ce ashe 'yan kasuwarku ma akwai kyauta. Na jawo kayan gabana.

"A'a, Hajiya," ta ce. "Nan ne baƙi suke faɗawa rami. Kowane mai kanti zai faɗa miki haka, har mai tasi. Ba kyauta ba ce. Ladabi ne, sunansa ta'arof. Ke kuma sai ki ƙi. Ya sake, ki sake ƙi. Sau uku, ko fiye. Sannan ya karɓi kuɗinsa, kowa ya rabu da mutunci."

"In kuma mutum ya ɗauka ya tafi fa?"

"Ba wanda yake ɗauka."

"In ya yaba abu a gidan mutane aka ce pishkesh?"

 Ita kanta sai a lokacin ta ga inda darasin ya kai mu. Ta sunkuyar da kai tana gyara kofunan da ba su buƙatar gyara, kunnuwanta suka yi ja.

Jiniyar masaƙa ta yi kuka, ma'aikatan yamma suna wucewa a kan kekuna ta bayan taga. Ni kuwa ina zaune a kan tabarmar roba. Rashin sani ya fi dare duhu. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina amarya, sai kuma haushi ya biyo baya, don ni haka nake, kunyata ba ta daɗewa ba ta zama faɗa ba.

"Hanum, ki dube ni. Dardumar nan, kin ba ni ko ba ki ba ni ba?"

"Na ba ki mana. Ta wuce."

"Da zuciya ɗaya?"

"Ki sha shayinki, zai huce."

Ban sha ba. Na ɗauki mayafina na fita.

A bas ɗin komawa Makera na yi ta saƙa da warwara. In sayi wata in kai mata? Wace kasuwa ake sayar da hannun uwar mutum? In aiki Nasiru? Yaro ba zai buɗe baki a gaban surukarsa ya ce a dawo da kaya ba, kuma ba shi ya kar zomon ba. In yi ƙarya in ce za a kai wanki? Uwani ba yarinya ba ce, kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Kowa ya san abin da ake faɗa a kan wanda ya yi kyauta ya dawo ya karɓe, ba sai na maimaita ba, da kare ake misalinsa. Kuma a ce suruka, tun ba a ɗaura ba. Na tabbata kafin Juma'a labarin zai zaga Tudun Wada. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da safe na yi wanka, na ɗaura zanen da na fi ji da shi, na ce in za a ci mutuncina a ci shi ina tsaf.

Na tarar da Hajiya Uwani a ɗakinta, turaren wuta yana tashi, ga ƙanwarta da wata maƙwabciya. A kan me take zaune? A kan dardumar, ta miƙe ƙafa, da carbi a hannu. Ta tare ni da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Lale da Hajiya! Yanzu nake ba su labarin saƙar Farisa."

Muka gaisa, aka tambayi gida da kasuwa da ruwan sama. Na so baƙin su tashi, suka ƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Hajiya," na ce, "na zo da magana mai nauyi, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Dardumar nan da na aiko miki, ba tawa ba ce. Na zo in roƙe ki ita."

Carbin ya tsaya. Maƙwabciyar ta ce "Ikon Allah" a hankali.

Na kwashe labari tun daga farko na faɗa, ban rage wautata ko ɗaya ba. Na faɗi al'adarsu, na faɗi tamu, na faɗi cewa uwar matar ce ta saƙa kuma ta rasu. Har dalilin da ya sa na aiko mata na faɗa: na ce so na yi ki san 'yan Makera ba kwanuka kaɗai suka sani ba.

Uwani ta dube ni. "Wato kyautar taku aro ce."

"Wannan dai aro ce, Hajiya. Ki faɗi duk abin da ke bakinki, na cancanta."

"Ita matar ta aiko ki?"

"Ko za ta mutu ba za ta tambaya ba."

"To wace irin al'ada ce wannan, mutum ya ce na ba ka alhali bai bayar ba?"

"Irin tamu ce," na ce, "da muke ce wa baƙo bismilla alhali tuwon ba zai ishi yara ba. Su dai sun fi mu nisa a cikinta."

Ƙanwarta ta ƙyalƙyale da dariya, Uwani ta harare ta. Sai ta dafa bango ta miƙe, ta sauka daga kan darduma, ta naɗe ta da hannunta, ba ta bari kowa ya taya ta ba. Na ce in na dawo daga Dubai zan kawo mata wadda ta fi ta girma.

"Kada ki kawo," ta ce. "Ni in na ce a'a, a'a nake nufi. Ɗauki ki kai wa marainiya kayan uwarta. Amma Hajiya, labarin nan kam sai na ba da shi."

"Ki bayar. Ki dai faɗa daidai."

Ta bayar kuwa, har da ƙari. Har yau akwai masu ce mini Hajiya Pishkesh a Tudun Wada, kuma ina amsawa.

Ban jira Asabar ba. Daga nan na tari ɗan acaɓa, na rungume darduma a cinya har Kakuri, hadari yana haɗuwa ina addu'ar kada ruwa ya sauko. Hanum ta buɗe ƙofa, ta ga abin da ke hannuna, ta ja da baya kamar na kawo mata wuta.

"Na, na, a'a, Hajiya. Pishkesh kardam. Na riga na bayar."

Na ce to, yau za a ga ɗaliba. Na sa hannu a ƙirji yadda take yi. "Hahesh mikonam."

"Ba zai yiwu ba."

"Hahesh mikonam, Hanum. Nemikham."

"Kin kai ta gidanki, ta zama taki."

Na ƙirga a zuci, uku ke nan. Na miƙa, ina jiran ta karɓa kamar yadda ta koya mini. Ta ƙi. Ta ƙi na huɗu, ta ƙi na biyar, hannuwanta a baya, idonta a kan darduma kamar mai azumi a gaban randa. Nan na gane ba ladabi kaɗai ke riƙe da ita ba, kunya ce, irin wadda na kwana da ita. Tana ganin ita ta jawo, da darasinta ta roƙi abin da ta bayar. Farisancina kuwa ya ƙare, ba a koya mini na wannan wuri ba. Sai na koma harshen uwata.

"Ke Parwin, saurara. Daga gidan surukata nake. A gaban mutane na buɗe bakin nan na ce a ba ni kyautar da na yi. Kin san abin da wannan yake nufi a garin nan, shekararki ashirin a cikinmu. Na riga na sha kunyar, ba ki isa ki sa ta tafi a banza ba. Matsa mini."

Na ratsa ta gefenta na shiga falo, na yaye tabarmar roba na jingine a bango, na shimfiɗa darduma a inda take, na daidaita gefunanta. Na koma gefe na riƙe ƙugu.

Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Sannan ta cire silifas, ta tako a hankali, ta durƙusa a tsakiya, ta shimfiɗa tafukanta biyu a kai. Ta kifa goshinta. Kafaɗunta suka fara rawa, ba sauti. Ni da na shigo da faɗa sai na rasa inda zan sa idona.

Da ta ɗago, da Hausa ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Lokacin da ta rasu ana yaƙi a ƙasarmu. Wasiƙa ta yi wata huɗu kafin ta iso. Ban ga gawarta ba, ban san kabarinta ba." Ta shafa saƙar da yatsa. "Kowace Alhamis mutanenmu suna zuwa kabari su zauna su yi hira da nasu. Ni nan nake zama."

Alhamis biyu ke nan dardumar ba ta gidan. Na lissafa.

"Me ya hana ki faɗa mini, don girman Allah? Kalma ɗaya."

"Ke baƙuwata ce," ta ce. "Kina murna."

 Ruwan da ya yi ta haɗuwa ya sauko a kan kwano. Ranar Laraba ce, amma na ga ba za ta iya jiran gobe ba, ta riga ta fara motsa baki a hankali da yarensu, kalmomin da ba na kasuwa ba, ban ji ko ɗaya ba. Na ja mata ƙofar falo, na shiga kicin ɗinta na ɗora ruwan shayi, na zauna a kan kujera 'yar tsuguno ina jiran su gama, ita da tsohuwarta.